Abin Da Harshe Ya Riƙe Daga Fadamar Haɗeja

Duk wanda ya tashi a ƙasar Haɗeja, ko a bakin kogi ko can kan tudu wajen Birniwa, akwai ƙananan abubuwan da ba sa barinsa ya manta ƙuruciya. Ƙanshin banda idan iska ta kwaso shi daga kasuwar kifi, miyar kuka da aka jefa wa busasshiyar tarwaɗa, goruba da ake gaigaya har haƙora su gaji, sanyin sabuwar tabarmar kaba a bayan mutum da azahar. Idan dattijo ya ci karo da ɗaya daga cikinsu ya yi shiru, ko ya fara ba da labari, yara kan ce tsufa ne. Ni kuwa abin da shekaru suka koya mini shi ne wannan kewa shaida ce a kan yadda ruwa yake tafiya a ƙasar nan kafin a taɓa shi, kuma ya kamata a saurare ta yadda ake sauraron mai shaida a gaban alƙali.

Dalilina shi ne kowane ɗaya daga cikin waɗannan daɗaɗan yana da watansa, kuma ruwa ne ke yanke masa watan. Kogin Haɗeja kan sauko daga wajen Kano, na Jama'are daga tuddan Bauchi da Filato, su cika fadama wajen watan Agusta da Satumba. Kifi ya bazu cikin ciyawa ya hayayyafa, shinkafa ta riƙa tashi tare da ruwa. Da kaka ta shigo sai ruwa ya fara ja da baya, ya bar tabkuna, masunta su hau gora su kifa ciki a kansa, suna tuƙi da ƙafa, koma a hannu. Manomi ya bi sawun ruwa yana shuka a danshin da ya bari, Bafulatani ya sauko da shanu su ci ciyawar rani su bar taki. Yara su tsinko bado, idan laka ta bushe ta tsattsage a tono gaiwa daga ɗakinta tana raye. Mutumin Birniwa, wanda ƙasarsa rairayi ce ta gero da riɗi, bai fita daga wannan lissafi ba, domin abin da ya noma a tudu da shi yake musayar kifin Guri da Kirikasamma, layin dogo na Kano zuwa Nguru kuma ya ratsa garinsa. Saboda haka idan tsohuwa ta ce kifin wata kaza ya fi kitse, ko ta ce a can ake tsinkar bado, ta faɗi inda ruwa yake kaiwa da lokacin da yake janyewa ke nan, ko da ba ta san ta faɗa ba.

An kammala madatsar Tiga a 1974, daidai lokacin da fari ya addabi Arewa, aka ƙara da ta Challawa a 1992. Masu binciken fadamar Haɗeja da Nguru sun ƙiyasta cewa filin da ruwa ke mamayewa, wanda ya kai hekta 250,000 zuwa 300,000 a shekarun 1960 da 1970, ya dawo tsakanin 70,000 da 100,000. Amma raguwar ba ita kaɗai ce matsalar ba. Ruwan da ake saki daga madatsu da rani ya hana wasu hanyoyin bushewa, ciyawar kachala ta samu abin da take so, ta toshe magudanai, ta karkatar da ruwa zuwa mashigar Marma da tabkin Nguru, wasu garuruwa suna nutsewa, wasu suna neman na shayar da gona. Cikin kachalar nan tsuntsayen jan-baki ke fakewa su fito su cinye gero da shinkafa.

Za a ce, kuma da gaskiyar mai faɗa, kowane tsoho gani yake jiya ta fi yau, harshen yaro mai yunwa kuma komai daɗi yake masa. Za a tuna mana cewa ruwan da muke yabo shi ne ya sa yara fitsarin jini na tsargiya, shi ya kwantar da magidanta da kurkunu a tsakiyar damina, cutar da sai a 2013 aka tabbatar Najeriya ta rabu da ita. Ba na musun ko ɗaya, kuma duk wanda ya ga an zare kurkunu daga ƙafar mutum ana naɗe shi a tsinke ba zai roƙi Allah ya dawo da wancan zamani ba. Sai dai shaida ba ta lalacewa don mai ba da ita yana ƙaunar abin da yake shaida a kai. Ana gwada ta ne. Idan dattawan ƙauyuka daban-daban, waɗanda ba su haɗa baki ba, suka nuna kwari ɗaya suka ce nan ake su, sannan aka duba aka ga tsohuwar hanyar ruwa ce da kachala ko yashi ya cike, magana ta wuce ta son zuciya.

Hujja ta biyu da za a kawo ta fi nauyi: Kano na shan ruwan madatsun nan, noman rani na Kadawa da na Auyo yana ciyar da dubban gidaje, wa zai ce a rushe su don wani yana marmarin bado? Babu mai hankalin da ya ce haka. Amma a farkon shekarun 1990 masanin tattalin arziki Edward Barbier da abokan aikinsa sun auna abin da fadama ke bayarwa na noma da kifi da itace, suka kwatanta da na aikin ban-ruwa na Kogin Kano, suka ga cewa a kan kowane ma'aunin ruwa amfanin fadama ya fi yawa nesa ba kusa ba. Abin da ya ɓoye wannan amfani shi ne a warwatse yake, cikin tukunyar miya da ƙwaryar nono da damin kaba, ba ya shiga littafin ofis. To, waɗannan ɗin dai su ne abubuwan da dattawa ke kewa.

Shi ya sa nake ganin kuskure ne a bar maganar ga injiniyoyi kaɗai. Duniya ta san darajar wurin, an sa tabkin Nguru da mashigar Marma cikin jerin dausayin Ramsar a 2000, dausayin Baturiya ya biyo baya a 2008, tsuntsaye daga Turai har yau suna sauka da hunturu. Hukumar kogunan Haɗeja da Jama'are da gwamnatin Jigawa suna kawo injinan yanke kachala, aikin kuma yana da amfani, musamman bayan ambaliyar 2020 da ta 2022. Amma ciyawar za ta dawo muddin ƙasa ba ta samun watannin da za ta bushe. Masana sun daɗe suna ba da shawarar a riƙa sakin ruwa da yawa cikin damina, a rage shi da rani, a kwaikwayi tsohuwar tafiyarsa. Kafin a yi hakan sai an san wace hanya za a fara buɗewa da kuma wane kwari ne ke ɗaukar ruwa ba tare da ya shiga gidaje ba, waɗanda suka ga fadamar kafin 1974 kuwa yanzu mafi ƙanƙantarsu ya doshi sittin.