Shirin Tafiya Laberiya

A ƙasarmu ta Malbaza tafiya ba baƙon abu ba ce. Tun muna yara muke ganin samarin Adar da na Ƙonni suna ɗaure kaya bayan girbi, wasu su nufi Abijan, wasu Legas ko Kamaru, wasu su keta hamada zuwa Libiya. Kowa ya san ƙa'idar tafiya biɗa: ka fita hannu wofi, ka aiko da kuɗin hatsi, ka dawo da rediyo da turmin atamfa, in Allah ya buɗa har da kuɗin aure. Tafiyata ta 2012 ba ta shiga wannan ma'auni ba, shi ya sa shirinta ya yi mini nauyi.

Lokacin ina koyar da Faransanci a kwaleji, bayan na gama Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai na kuma yi hidimar ƙasa. Ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, ta buɗe shirin 'yan sa-kai a Monrobiya a 2010, tana tura malamai da ma'aikatan lafiya zuwa ƙasashe huɗu da rikici ya ɗaiɗaita: Laberiya, Saliyo, Gine da Gine Bisau. Laberiya ta fita daga yaƙin basasa a 2003. Turanci ake karatu da shi can, alhali biyu daga cikin maƙwabtanta, Gine da Kodibuwa, Faransanci suke yi, don haka ana neman irinmu. Babu albashi, sai ɗan abin da za ka ci ka biya haya.

Takardu ba su ɗauke ni dogon lokaci ba. Na hau mota na bi ta Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso, kusan kilomita 450 zuwa Yamai, na yi fasfo, na karɓi allurar shawara da katinta mai ruwan ɗorawa, na haɗa da takardar shaidar cewa ba a taɓa ɗaure ni ba. Biza kuwa ba a nema, tunda yarjejeniyar 1979 ta ba 'yan ƙasashen ƙungiyar damar shiga ƙasar juna. Aikin yana gida.

Kawuna, wanda ya tsaya mana tun rasuwar mahaifinmu, ya yi shekaru yana aiki a masana'antar siminti, kuma komai da lissafi yake yinsa. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "To Mushe, nawa za ka riƙa aikowa?" Na ce abin ba zai taka kara ya karya ba. Na kawo masa misalin Amurkawan nan 'yan sa-kai na Corps de la Paix da suka zauna ƙauyukan Nijar tun 1962, suna shan fura da mu, har aka kwashe su a Janairun 2011. Ya ce, "Su rumbun gidansu cike yake. Kai wa ka bar ma naka?"

Tambayar tana kan hanya. Damanar 2011 ba ta yi kyau ba, kuma a bazarar 2012 tiyar hatsi ta yi tsadar da har masu albashi sai da suka ji a jikinsu. Albashina ne ke cike giɓin gidanmu. Kawu bai hana ni ba, amma ya kafa sharaɗi: ba zan ɗaga ƙafa ba sai kowane nauyi da ke wuyana ya sami mai ɗauka.

Haka muka zauna a zaurensa da littafin makaranta da biro. Gonar tudu ƙanena zai girbe, a zuba rumbu, ba mai sayar da dami ko ɗaya sai da izinin Kawu. Ɗan filin fadama na ba wani maƙwabci ya yi albasa da rani, mu raba riba, rabona ya shiga hannun Inna. Babur ɗina na sayar, na biya mai shago bashin sukari da sabulu, ya soke sunana a gabana, sauran kuɗin na sayi tumaki biyu matata ta yi kiwo, ɗaya na layya ɗaya na ko-ta-kwana. Zubin adashen malamai na cika shi kafin lokaci. Daga ƙarshe Kawu ya kira dattawa biyu, ya sa na faɗi wanda nake bi da wanda ke bi na, aka rubuta. Jikina ya yi sanyi, don na gane wasiyya ce aka yi ba a kira ta da sunanta ba.

Inna ba ta shiga wannan lissafi ba. Ni ne ɗan farinta, ba ta kama sunana, ba ta kuma yi mini doguwar magana, sai dai ta ce wa ƙanwata, "Tambayi wancan, can suna da hatsi?" Da aka ce mata shinkafa ce da ganyen rogo da manja, kuma ruwan da ke sauka Monrobiya a shekara ya haura milimita 4,000, inda namu ke wajen 500, sai ta shiga aiki. Ta daka kuka da busasshiyar kuɓewa, ta soya gabu, ta haɗa yaji da daddawar batso, ta zuba kowanne cikin gwangwanin madara ta liƙe bakin da leda don kada danshi ya shiga. Muka kai jakar kan sikelin mai awo a kasuwa, ta wuce kilon da jirgi ya yarda da shi. Na fara ciro gwangwanaye. Ta ce wa ƙanwata, "Gaya mishi ya rage takardu." Ƙamus guda na bari.

Bayan ƙaramar salla na shiga sallama gida-gida, daga liman zuwa goggonnina na Dogarawa da Galmi, ina neman gafara. Tsofaffin da na saba ba su kuɗin goro, su ne yanzu suke kwance bakin zane suna ba ni dala ashirin, dala hamsin, wai in sha ruwa a hanya. A nan na ga cewa ba ni kaɗai ke sa kai ba. Ƙanena ya ba da ƙarfinsa, matata ta ba da haƙurinta, Inna ta haƙura da albashin da take dogaro da shi, kuma ba ɗayansu da sunansa ya shiga takardar kowace ƙungiya.

Yau Nijar ta bar CEDEAO tun Janairun 2025, amma hanyoyin ba su ƙare ba: akwai 'yan sa-kai na Majalisar Ɗinkin Duniya, akwai na Tarayyar Afirka. Tsofaffin ɗalibaina kan zo su tambaye ni yadda ake cike takardun. Nakan nuna musu, wannan aikin yini ɗaya ne. Sannan in ce su je su zauna da mutanen gidansu tukuna, don su ma da su za a yi aikin, kuma hakkinsu ne a nemi yardarsu kafin a sayi tikiti.