TSAKANIN WAUTA DA HAUKA: A KAN WA ALHAKIN YAKE?

Hausawa na cewa hankali ke gani, ido gululu ne. To, idan hankalin ya zo da rauni tun haihuwa, sa'an nan ciwo ya sake taɓa shi bayan girma, da me mai shi zai ga ramin da ke gabansa?

A wata unguwa ta cikin birni akwai wani saurayi wanda tun yana yaro aka lura kansa ba ya riƙe karatu. Sa'o'insa suka sauke Alƙur'ani, shi ko allonsa na fari bai wanke ba, kuma har ya girma bai iya lissafin canji ba. Mutane suka laƙaba masa gaula, kowa ya aike shi, duk abin da aka ce masa amsarsa ɗaya ce, watau "to". Bayan ya balaga sai lalura ta biyu ta same shi: barci ya ƙaurace masa, yana jin muryoyin da babu masu su. Ta farko raunin basira ce, wadda ba ta da magani sai reno da koyarwa a hankali. Ta biyu kuwa taɓin hankali ne, wanda magani kan kwantar da shi.

Ran nan wasu samari suka ɗora masa injin ban-ruwa a ka, suka ce ya kai musu bakin kasuwa. Ashe na sata ne. Da aka yi ihu, su suka sulale, shi ya tsaya da kayan a kansa yana murmushi. A wurin 'yan sanda aka tambaye shi ko shi ya sata, ya amsa, ya dangwala yatsa a takardar da bai san abin da ke cikinta ba. Uwarsa ta zo da katin asibitinsa tana cewa, "Ranka ya daɗe, yaron nan ko hanyar gida wani lokaci sai an nuna masa." Aka ce ai ba ya jifa, ba ya yaga tufa, don haka da hankalinsa. Ya yi watanni yana jiran shari'a ba magani, ciwon ya tashi fiye da dā.

Abin lura shi ne, doka ba ta manta da irinsa ba. Sashe na 51 na kundin laifuffuka na Arewa, wanda ya fara aiki a 1960, ya ɗauke laifi daga wanda rashin hankali ya hana shi sanin abin da yake aikatawa, ko sanin cewa ba daidai ba ne. Tushen wannan ma'auni wata shari'a ce da aka yi a Ingila a 1843. Tun kafin nan malaman fiƙihu sun bambanta majanuni da ma'atuhi, watau mai ƙarancin fahimta, suka sassauta wa kowannensu. Bugu da ƙari, a Janairun 2023 an sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin dokar mahaukata ta 1958. Sai dai kotu na ɗaukar kowa a mai hankali har sai ya kawo hujja, wanda bai iya ƙirga kuɗi ba kuwa, ina zai iya wannan?

Ba a ce irin waɗannan bayin Allah ba sa ɓarna ba, suna yi, kuma wanda aka cuta yana da haƙƙi. Amma kafin a karɓi "to" ɗinsu a matsayin iƙirari, ya kamata likita ya duba su, wani nasu ya zauna kusa da su.

Daga bisani an sallami saurayin. Ya koma unguwa, kuma har yanzu ana aikensa.