Kasuwar da ke ci bayan an rufe shaguna

Idan aka idar da sallar isha'i a Funtua, 'yan kasuwa suka janyo ƙofofin ƙarfe suka garƙame, sai wata kasuwar ta bayyana. Da rana ƙofofin a buɗe suke, ba mai kula da su. Da dare kuwa, daga hanyar Zariya zuwa ta Sakkwato, za a ga an liƙe su da ƙananan takardun talla, wata kan wata: ana haƙa rijiyar burtsatse, ana gyaran janareta, maganin basir sha yanzu magani yanzu, ana koyar da kwamfuta cikin wata uku. Ƙarƙashin kowace akwai lambar waya.

Akwai wani matashi a garin, ma'aikacin shagon buga takardu, wanda ya ɗauki tara waɗannan sitikoki abin yi. Yakan nemi iznin mai gadi, ya ɓamɓare su da reza a hankali, ya manna a tsohon littafin rajista, ya rubuta wata da unguwa. Abokansa na ce masa mai tsince-tsince. Shi kuwa cewa yake tarihin gari yake tarawa.

Da gaskiyarsa. Auduga da layin dogo ne suka raya Funtua. Dogon da ya tashi daga Zariya zuwa Gusau da Ƙauran Namoda ya ratsa ta a ƙarshen shekarun 1920, masana'antun gurzar auduga suka kafu, masaƙa ta zo daga baya. Wancan zamanin manyan alluna ya bari. Na yanzu takardu ne masu faɗin tafin hannu, kuma kowace shaida ce ta wani giɓi. Inda famfo ya ƙafe, nan mai burtsatse ke liƙa tasa. Shafukan farkon 2023, lokacin da takardun naira suka yi wuyar samu, cike suke da tallan masu POS. Bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun shekarar, masu haɗa sola suka danne masu gyaran janareta. Shafukan da ba ya son buɗewa su ne na gonakin sayarwa, musamman na wajejen Faskari da Sabuwa, inda 'yan bindiga suka raba manoma da dama da gonakinsu.

Da ido ya saba da salon tallan, sai hannu ya fara kwaikwayo. Ya shiga buga nasa na gatse, da irin harufan da irin launin, yana liƙawa cikin na gaske. "Ana gyaran alƙawarin ɗan siyasa, ko ya shekara takwas da lalacewa." "Ana koyar da haƙuri cikin wata uku, har da satifiket." Aka yi ta dariya a majalisu, hotunan suka zaga WhatsApp.

Sai wata rana ya buga: "Ana raka manomi gona a dawo da shi lafiya." Ya sa lambarsa, don ya ji masu tanka masa da raha. Washegari da hantsi wayar ta yi ƙara. Muryar dattijo ce.

"Yaro, nawa kuke karɓa? Damina biyu ke nan ban taka gonata ba."

"Baba, a gafarce ni, wasa ne."

Dattijon ya yi shiru jim kaɗan. "To, Allah ya kyauta. In kun fara da gaske, ka riƙe lambata."

Gatse ba ya ci sai mai ji ya san abin da aka faɗa ba mai yiwuwa ba ne. Wanda buƙata ta kai wa wuya ba shi da wannan sararin, kowace lamba a jikin ƙofa fata ce gare shi. Ta wannan kafar masu damfara ke shiga da tallan aikin yi da na biza, kuma matashin ya gane ta nan shi ma ya bi, ko da bai karɓi ko kwabo ba.

Daren ranar ya zaga da rezarsa ya cire su duka. Guda ɗaya ya ajiye. Ya manna ta a rajista cikin tallan gaske, kusa da na gonakin sayarwa, ya rubuta wata da unguwa.