Gwiwar Baba da Gonar Gabas

A garuruwanmu na arewacin Kano, daga Ɗambatta zuwa Makoɗa, ba a lissafa ciwon gwiwa cikin cututtuka. Sanyi ne, ko tsufa. Mutum ya shekara hamsin yana sunkuye da fartanya, ya tsuguna ya yi alwala, ya tsuguna a masai, ya zauna a tabarma ya ci tuwo, to ranar da gwiwa ta ce ta gaji sai a ce dama lokaci ya yi. A haka Babanmu ya shekara shida yana dafa bango kafin ya miƙe.

Mu huɗu ne 'ya'yansa maza, biyu a gida, biyu a birni, kuma kowa da maganin da ya yarda da shi. Na gida sun kira wanzami ya yi ƙaho, an shafa man zafi, an dafa sassaƙe. Sai kuma haɗin wani mai kemis na ranar kasuwa, ƙwayoyi biyar a ƙullin leda, wanda Baba ya fi yabawa don da ya sha yake iya kai taki gona. Da muka kai ƙullin aka duba, sai ga diclofenac da ibuprofen tare, ga dexamethasone, wanda mata ke kira sha-ka-fashe. Na farkon biyu aiki ɗaya suke yi, haɗa su ba ya ƙara sauƙi, sai dai ya jawo gyambon ciki, ya taɓa ƙoda. Na ukun kuwa yana kumbura fuska, ya ɗaga sukari da hawan jini, ya raunana ƙashi, kuma wanda ya daɗe yana sha ba a yanke masa shi dare ɗaya. Mu da muke rubuta manhajar kwamfuta mun san irin wannan gyara: ka toshe bakin saƙon da ke cewa akwai matsala, allo ya yi tsaf, ɓarna na ci gaba a ciki.

A Asibitin Ƙashi na Dala aka ɗauki hoto. Likita ya nuna mana inda ya kamata a ga rata tsakanin ƙasusuwa biyu. Ta ɓangaren ciki ratar ta kusa ɓacewa. Guringuntsin da ke hana ƙashi gogar ƙashi ne ya cinye, kuma ba ya sake tofowa. Bai ɓoye mana ba: babu ƙwayar da za ta dawo da shi. Allurar cikin gwiwa tana ba da sauƙi na makonni, ba a kuma yawaita ta. Abin da ya rage shi ne motsa jiki, sanda, maganin shafawa, in abin ya ƙi kuma a sa gwiwar ƙarfe da roba.

A nan gardama ta tashi. Kuɗin aikin miliyoyi ne, kuma abin da muke da shi da zai kai wannan kuɗi gonar gabas ce kaɗai. Wanda bai taso a yankinmu ba ba zai gane nauyin maganar ba. Ƙasa a nan ta yi wa mutane kaɗan, ba a barin saura, gona ɗaya ake nomawa kowace damina tun kakanni, da takin dabbobi ake riƙe ta. Wanda ya sayar ba ya sake samu. Yaya ya ce gona ba ta fi ƙafar mahaifi ba. Mu kuma muka zauna karatu, tunda shi muka iya. Wani nazari da mujallar Lancet ta buga a 2019 ya nuna kusan kashi 82 cikin ɗari na irin wannan gwiwa suna kai shekara 25 suna aiki. Amma kusan mutum ɗaya cikin biyar yana ci gaba da jin ciwo bayan aikin, kuma da yawa ba sa iya durƙusawa ko tsugunno kamar da.

Da muka karanta wa Baba wannan na ƙarshe, sai ya tambaya: "Wato in sayar da gonar, kuma in ci gaba da salla a kujera?" Muka ce mai yiwuwa ne, Baba. Ya ce to a bar masa gonarsa tukuna.

Kujerar ce ta fi yi masa ciwo, ba gwiwar ba. Ya daina zuwa masallaci wata biyu don kada a gan shi zaune mutane na sujada. Liman ne ya zo har soro ya tuna masa cewa shari'a ta yarje wa wanda ba ya iya tsayuwa ya zauna, ya kuma ce shi ma ƙanen mahaifinsa haka ya yi.

Abubuwan da suka yi aiki ba su da kwarjini, shi ya sa ake raina su. Mai gashin ƙashi ya koya masa ya kwanta, ya miƙe ƙafa, ya ɗaga ta, ya riƙe, ya sauke, sau goma safe da yamma, don naman cinya ya yi ƙarfin da zai rage wa gwiwa kaya. Baba ya ce wannan wasan yara ne. Jikokinsa ne suka mayar da shi gasar ƙirga, sai ya ɗore. Sanda ta koma hannun da ke ɗaya gefen, ba gefen ƙafar mai ciwo ba, abin da duk garin suke yi a baibai. Kafinta ya huda kujerar katako aka ɗora a kan masai. Aka ɗaga gadonsa da bulo biyu. Noman firi da maimai suka koma hannun 'yan ƙwadago, kuɗinsu a wuyanmu na birni, shi kuma ya hau jaki ya je ya zauna a gindin ɗorawa yana faɗa a kan kunyar da ba ta miƙe ba.

Ciwon bai tafi ba. Da hunturu har yanzu yakan tashe shi cikin dare, kuma gwiwar hagu ta fara nata. Yaya bai sauka daga ra'ayinsa ba, mu ma mun buɗe asusu muna zuba abin da ya samu duk wata, ko aikin zai zama dole ba tare da an taɓa gona ba. Likita ya ce a dawo da shi bayan an gama girbin dawa a sake hoto.