Gidan da Na Rushe da Hannuna

A ƙarshen zangon karatun da ya gabata, wani abokin aikina na sashen zane-zane ya gayyace ni bajekolin ayyukan ɗalibansa na ajin ƙarshe. Kara ce kawai ta kai ni, domin ba fannina ba ne. Sai dai aiki ɗaya ya hana ni wucewa.

Wata ɗaliba ce ta fito da siffar gidansu na ƙauye a kan faffaɗan katako, kuma ba da fenti kaɗai ba. Katangar zaure jar ƙasa ce da ta ɗebo daga garinsu, ta shafe ta da makuba. Dangar karan dawa ce ta gaske, jinkar rumbu ciyawa ce, labulen ƙofar ɗaki kuwa ƙyallen tsohon zanen kakarta ne. Da na matsa kusa, sai na ji ƙanshin makubar nan da na rabu da shi shekaru da dama.

Na tambaye ta dalilin wannan wahala, alhali hoton waya ya wadatar. Ta ce, “Malam, ambaliya ta cinye gidan. Ƙasar nan daga kufansa na kwaso ta.”

Jikina ya yi sanyi. Nata gidan ruwa ne ya ci. Namu kuwa ni na rushe shi. Da na fara samun abin hannu, na sa aka ture soron da kakanmu ya gina da tubali da azara, aka tayar da na bulo da kwano. Na ɗauka gata na yi wa mahaifina. Bai ce uffan ba, amma har ya rasu, a gindin darbejiya yake wuni da bazara, domin sabon ɗakin ba ya zaunuwa saboda zafi. Ko hoton tsohon soron ban ajiye ba.

Tun a 1958 wasu ɗaliban zane a Zariya, cikinsu har da Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya, suka kafa ƙungiya suna kiran a haɗa dabarun da aka koya daga Turawa da abin da aka gada a gida. Wannan yarinya ta amsa kiran, ni da digirina uku ban amsa ba.

Ba cewa nake yi kowa ya koma ginin ƙasa ba. Roƙona ga ’yan’uwana ’yan boko shi ne, kafin mu kira lebura da diga, mu tsaya mu tambayi dattawan gidan, mu kuma adana wani abu da za mu nuna wa ’ya’yanmu. Ranar da ɗana ya tambaye ni kamannin gidan da aka haife ni, wurin allon ’yar wasu zan kai shi.