Ladabin Sauraro Tsakanin Kunne da Alƙalami

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san ba a fara tatsuniya sai da izinin mai sauraro. In mai bayarwa ta ce, "Ga ta nan, ga ta nanku," ba za ta ci gaba ba sai yara sun amsa da, "Ta zo mu ji ta." Wannan amsa alkawari ce, watau sun ba ta kunnensu har ta kai ƙurunƙus. Tambayar da nake so in ajiye gaban malamaina da 'yan'uwana ɗalibai ita ce, shin wannan ladabi ya tsaya ga maganar baka kurum, ko kuwa ya hau kan wanda ke karanta rubutun wani da niyyar mayar masa da amsa? A ganina ya hau kansa, nauyin ma ya fi yawa.

Ni mutumin yammacin Jihar Katsina ne, na tashi tsakanin ƙasar Batsari ta Sarkin Ruma da ƙasar Safana ta Yariman Katsina, a gefen dajin Rugu. A can na fara ganin yadda dattawa suke sauraron ƙara. In shanu suka yi ɓarna a gona, maigari yakan tara manomi da makiyayi a ƙofar gidansa. Yakan bar kowa ya faɗi ta bakinsa har ya gaji, ba mai katse shi. Sa'an nan ya maimaita wa mutum abin da ya faɗa, ya tambaye shi, "Haka ka ce?" Sai ya amsa da i, kana a juya ga abokin shari'arsa. Duk wannan lokaci idon maigari na kan fuskar mai magana, yana lura da inda murya ta yi rawa da inda aka yi shiru. Sau da yawa ainihin rigimar ba ta dawar da aka cinye ba ce, ta burtalin da aka nome ce shekarun baya.

To, mai karatu ba shi da wannan gata, domin takarda ba ta da fuska, ba ta da murya. Mu ɗaliban Hausa mun fi kowa sanin haka, tun da daidaitacciyar ƙa'idar rubutunmu ba ta nuna karin sauti ko tsawon wasali. Kuka ta miya da kukan hawaye rubutunsu ɗaya. Haka garin tuwo da garin da mutane ke zaune, haka wuyan riga da wuyar aiki. Kai, in aka rubuta "ya tafi", sai an duba abin da ke gaba da baya kafin a gane ko labari ake bayarwa cewa mutumin ya riga ya tafi, ko kuwa umurni ake yi a kore shi. Abin da kunne ke rarrabewa nan take, dole mai karatu ya rarrabe shi da hankalinsa. In kalma guda tana bukatar wannan natsuwa, ina ga nufin mutum da damuwarsa?

Abin da ya sa na ɗauki batun da zafi shi ne halin da yankinmu ya shiga. A shekarar 2019 Gwamna Aminu Bello Masari ya zauna da 'yan bindigar daji a ƙananan hukumomin da ke bakin daji, har da Batsari da Safana. Sulhun bai ɗore ba, a watan Fabrairu na 2020 aka kai wa ƙauyukan Tsauwa da Dankar hari a ƙasar Batsari, aka kashe mutane da dama. A watan Satumba na 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar, namu na ciki. Watanni aka yi ana ta rubuce-rubuce a kanmu a jaridu da wayoyin hannu, mu kuwa da abin ya shafa ba mu da hanyar cewa uffan. A 2025 kuma, da al'ummomin Batsari da Safana da Jibiya suka ƙulla sulhu da mutanen daji, sai muhawara ta sake tashi.

Na karanta abin da wasu mutanen yankin suka rubuta a lokacin, na kuma karanta amsoshin da aka ba su. Manomi ya ce ya yarda da sulhu don ya samu ya shiga gonarsa, sai wani daga nesa ya kira shi matsoraci. Wanda aka kashe wa ɗan'uwa ya ce bai amince da sulhun ba, sai a ce masa ba ya son zaman lafiya. Makiyayin da aka sace wa shanu ya koka, sai a haɗa shi da ɓarayin don kawai shi Bafillace ne. Kowanne daga cikin masu amsar nan kalma guda ya tsinta, ya bar sauran maganar, bai taɓa tambayar marubucin "Haka ka ce?" ba. Alhali kuwa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Wani zai ce sauraron mutum tamkar yarda da shi ne. Ba haka ba ne. Alƙali yana sauraron ɓarawo har ƙarshe, kuma hakan bai hana shi yanke masa hukunci ba, sai ma ya sa hukuncin ya yi ƙarfi. Wanda ya fahimci hujjar abokin gardamarsa shi ne ke iya rushe ta. Bugu da ƙari, rubutu yana ba mai karatu damar da kunne ba shi da ita. Maganar baka in ta wuce ta wuce, amma takarda tana nan, ana iya karanta ta sau biyu, a kwana a kanta kafin a ɗauki alƙalami. Saboda haka mai karatun da ya yi gaggawa ba shi da uzurin da mai sauraro yake da shi.

Mu da ake koya wa nazari da sharhi, gobe mu ne malamai da 'yan jarida da masu fassara. Kafin mu mayar wa kowa da martani, ya kamata mu karanta maganarsa har ƙarshe, mu iya maimaita ta yadda shi da kansa zai ce lalle haka yake nufi, mu kuma tambayi kanmu daga ina yake magana, me ya same shi. Masu iya magana sun ce magana zarar bunu ce, ita kuwa rubutacciya ta fi nisan zango, tana isa inda mai ita bai taɓa takawa ba. A wurin da kalma guda ke iya tayar da husuma tsakanin maƙwabta, wannan ladabi yana iya tsare rai. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya.