Kalma Ɗaya a Bakin Gadon Majiyyaci

A shekarar 1980 aka kai wani saurayi ɗan shekara 18 asibiti a kudancin Florida ta Amurka, bai san inda kansa yake ba. Danginsa 'yan asalin Kyuba ne, Sifaniyanci ne harshensu. Da aka tambayi abin da ya same shi, sai suka ce "intoxicado", wato ya ci ko ya sha abin da ya ɓata masa ciki. Kalmar ta yi kama da wata ta Ingilishi mai nufin buguwa, saboda haka aka ɗauka ƙwaya ya sha fiye da kima. Ashe jini ne ke zuba cikin ƙwaƙwalwarsa. Kafin a farga an kwana biyu, hannuwa da ƙafafu sun shanye. Diyyar da aka sasanta a kanta ta kai dala miliyan 71.

Idan ana zancen kare majiyyaci daga kuskure, hankali ya fi karkata ga allura da wuƙar tiyata da wanke hannu. Ba kasafai ake lissafa tafinta ba, alhali likita yakan saurari baki kafin ya taɓa jiki.

Irin wannan tarko yana nan a asibitocin ƙasar Hausa, inda likita ya yi karatu da Ingilishi ko Faransanci, majiyyaci kuwa da Hausa yake kuka. Mace ta ce "sanyi" ke damunta. Mura take nufi, ko ciwon gaɓoɓi, ko kuwa ciwon mara da kunya ta hana ta ambata? "Shawara" ma haka: rawayar ido ce mai magana ya gani, alhali tushenta na iya zama hanta, ko sikila, ko toshewar hanyar matsarmama, kowanne da maganinsa daban. "Basir" kuwa, kusan duk abin da ya addabi dubura yana shiga ƙarƙashinsa, har da wanda jinkirinsa ke kisa.

Tafintan kuma sau da yawa wanda ke kusa ne: ɗan rakiya, ko mai shara, ko ɗan matar na cikinta, wanda ba za ta faɗi rabin abin a gabansa ba.

Masana Hausa sun yi ɗawainiya wajen ƙirƙiro wa kalmomin likitanci takwarori. Ɗaya ɓangaren ne ke da sauran aiki: tattara abin da Bakano da Basakkwace da Badamagare ke nufi idan suka ce "sanyi", a jera shi yadda sabon likita zai san tambayar da zai yi ta biyu.